Ra'ayinmu: Sabuwar Kwamfuta, Ado Ko Aiki?

Ya zama al'ada a kowace shekara, da zarar watan Janairu ya kama, manyan kamfanonin ƙera kwamfuta su hallara a birnin Las Vegas na Amurka wajen baje kolin CES, sa'an nan wajen tsakiyar shekara su sake haɗuwa a birnin Taipei wajen baje kolin Computex. Tun ana saura makonni jita-jita kan cika gari, kowa yana ɗokin ganin sabuwar kwamfutar tafi-da-gidanka da za a fito da ita, wadda lalle za a ce ta fi ta bara sauri da rashin nauyi. Mu dai tambayarmu guda ce: shin waɗannan injuna don mai aiki ake ƙera su, ko kuwa don mai kallo?

Da muka ce mai aiki muna nufin injiniya mai zanen gada, da akanta mai riƙe da lissafin ma'aikata, da mai haɗa fim, da ɗan jarida wanda lokacin buga labari ya ƙure masa. Abin da irin wannan mutum yake bukata ba ɓoyayye ba ne: madannai masu ƙarko, batir mai jimiri, isassun kafofin jona kayan aiki, da kuma damar gyara ko ƙari in bukata ta taso.

Abin da ya faru da kamfanin Apple ya isa darasi. A watan Oktoba na 2016 ya fito da sabon samfurin MacBook Pro, injin da sunansa ma yake nuna cewa na ƙwararru ne. Domin a rage masa kauri, aka cire kafar katin ɗaukar hoto, da kafar HDMI ta jona majigi, da tsohuwar kafar USB, aka bar nau'in USB-C kaɗai tare da kafar abin sauraro. Mai ɗaukar hoto da ya biya maƙudan kuɗi sai ya wayi gari yana yawo da tarin mahaɗai a jaka. Madannan kuma aka yi su sirara ainun, har 'yar ƙura kan hana harafi fita ko ta sa ya fito sau biyu. Da koke ya yi yawa, a 2018 kamfanin ya shiga gyara su kyauta, a 2019 ya soma komawa ga tsohon tsarin madannai, a watan Oktoba na 2021 kuma ya mayar da kafar katin da ta HDMI. A 2022 ya amince ya biya dala miliyan 50 don kashe ƙarar da masu saye suka shigar a Amurka, ko da yake bai amsa laifi ba. Wato shekara biyar aka yi kafin a dawo inda aka baro, kuma ba don kome aka dawo ba sai don masu saye sun ƙi yin shiru.

Adalci ne mu faɗi cewa an samu ci gaba na haƙiƙa. Ƙwaƙwalwar M1 da kamfanin ya fito da ita a watan Nuwamba na 2020 ta nuna cewa inji zai iya yin aiki mai nauyi, batirinsa kuma ya wuni bai mutu ba, abin da ya tilasta wa sauran kamfanoni tashi tsaye. A ƙasa irin tamu, inda ba a dogara da wutar lantarki, wannan ba ƙaramar ni'ima ba ce. Amma fa tana tafe da sharaɗi. A waɗannan injuna, da ma da yawa daga siraran injunan wasu kamfanoni, rumbun aiki na RAM a liƙe yake da uwar allon injin, ba ya ciruwa, ba ya ƙaruwa. Abin da mutum ya saya ran farko da shi zai zauna, ko da aikinsa ya ninka. A da kuwa sukurdireba da 'yan mintoci sun isa a ƙara wa inji shekaru.

Yanzu kuma wata sabuwar waƙa ake yi, ta ƙirƙirarriyar basira. A 2024 kamfanin Microsoft ya fito da rukunin kwamfutoci mai suna Copilot+, waɗanda ke ɗauke da wani sashe na musamman don wannan aiki. Ba mu ce ba shi da amfani ba, amma akanta ya tambayi kansa ko shi ne zai daidaita masa lissafi. Haka kuma ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba bai wa Windows 10, alhali Windows 11 ba ta karɓar injin da ba shi da guntun tsaro na TPM 2.0. Ta haka miliyoyin injuna masu lafiya suka zama tsofaffi da ƙarfi da yaji.

Kada wani ya ce wannan matsalar Turai ce. Kwamfutoci da yawa da ke hannun ma'aikatanmu da ɗalibanmu na hannu ne, waɗanda aka gama amfani da su a ƙetare, suka biyo ta kasuwar kwamfuta ta Ikeja zuwa Kano da Kaduna da sauran garuruwa. Injin da aka liƙe a masana'anta bana, shi ne zai iso teburin mai gyaranmu bayan 'yan shekaru, ya juya shi, ya rasa ta inda zai kama.

Wasu ƙasashe sun riga sun farga. Tun watan Janairu na 2021 dokar Faransa ta wajabta a nuna wa mai saye makin sauƙin gyaran kwamfutar tafi-da-gidanka, bisa ma'aunin maki 10. Tarayyar Turai kuma ta tsayar da watan Afrilu na 2026 a matsayin lokacin da sababbin injunan za su riƙa karɓar caji ta USB-C, don a huta da tara caja iri-iri. Kamfanin Framework na Amurka ma ya nuna tun 2021 cewa ana iya ƙera siririn inji wanda mai shi zai kwance ya sauya masa kowane sashe. Ashe ba gagara abin ya yi ba, niyya ce babu.

Saboda haka muna kira ga ma'aikatun gwamnati da jami'o'i, waɗanda ke sayen injuna da dukiyar jama'a, da su sanya sauƙin gyara, da samuwar kayan gyara, da tsawon wa'adin tallafi cikin sharuɗɗan kwangila. Muna kira ga 'yan kasuwa da su ji tsoron Allah, su gaya wa mai saye gaskiya in injin ba zai ɗauki Windows 11 ba. Shi kuwa mai aiki, kada ɗokin sabon samfuri ya ruɗe shi. Ya dubi aikinsa tukuna, ya jira waɗanda suka riga shi saye su ba da labari, sa'an nan ya buɗe aljihu. Hausawa sun ce, ba girin-girin ba, ta yi mai.