Tsibirin Man: Taswirar da Za Ta Iya Ɓata wa Gwamnati Lissafi

Tsibirin Man yana tsakiyar teku, tsakanin Birtaniya da Ayilan. Faɗinsa murabba'in kilomita 572 ne, mutanensa kimanin 84,000, kuma yana da majalisarsa ta kansa mai suna Tynwald. A 2021 majalisar ta kafa dokar sauyin yanayi wadda ta wajabta wa tsibirin kaiwa matakin sifilin hayaƙi nan da 2050, wato iskar kabon da yake fitarwa ta yi daidai da wadda ƙasarsa da itatuwansa ke zuƙewa. Rabin farko na wannan lissafi mai sauƙi ne, domin akwai rasit na kowace litar mai da aka shigo da ita. Rabi na biyu yana binne a ƙarƙashin ciyawa, kuma shi ne ake ƙoƙarin zana wa taswira.

Abin da ake nema shi ne baƙar lakar dausayi da ke kan tuddan tsibirin. Ragowar tsirrai ce da ruwa ya hana su ruɓewa sarai, suka yi ta taruwa shekaru dubbai, kimanin milimita 1 a shekara. Irin wannan laka ta rufe kashi 3 cikin 100 kacal na doron ƙasa, amma kabon da ta adana ya fi na dukan dazuzzukan duniya. Aikin auna ta kuwa na wahala ne. Hoton tauraron ɗan'adam yana nuna irin tsiron da ke sama, ba ya nuna zurfi. Sai mutum ya hau tudu da doguwar sanda, ya soka ta har ta taɓa ƙasa mai tauri, ya rubuta zurfin, ya matsa gaba ya sake. Ma'aikatar muhalli ta tsibirin da ƙungiyar kare namun daji ta Manx Wildlife Trust sun shafe shekaru suna wannan aiki.

A nan ne siyasa take shigowa. Kabon da ke ajiye daban, wanda ake zuƙewa a kowace shekara daban, kuma masu jawabi suna son cakuɗa su. Lakar da ta tara tan miliyoyi ba ta rage wa kowa bashin hayaƙinsa na bana, tamkar dai hatsin bara da ke rumbu, wanda ba a lissafa shi cikin amfanin gonar bana. Idan kuma aka haƙa mata magudanan ruwa, ko gobara ta ci samanta, ko zaizaya ta tone ta, sai ta bushe ta soma mayar da kabon ɗin sama.

Maƙwabciyarsu Birtaniya ta ɗanɗana wannan. Wani bincike da gwamnatinta ta ɗauki nauyi ya ƙiyasta cewa dausayoyinta na fitar da kimanin tan miliyan 23 na iskar da ke ɗumama duniya a shekara. Da aka shigar da su cikin lissafin ƙasa a 2021, ɓangaren filaye da dazuzzuka, wanda ake yi wa kallon mai zuƙe hayaƙi, ya koma mai fitarwa. Ba lakar ce ta canza hali a wannan shekara ba. Awo ne ya iso. Duk gwamnatin da ta aika masu sanda kan tudu, to ta shirya jin irin wannan labari.

Akwai kuma haɗari ta ɗaya ɓangaren, wato taswira ta yi daɗin da zai sa a yi barci. Tsibirin Tasmaniya na Ostireliya ya kai sifilin hayaƙi tun cikin shekarun 2010, har ya wuce. Babban dalili shi ne raguwar sarar dazuzzukan asali, musamman bayan durƙushewar kamfanin katako na Gunns a 2012. Nasara ce ta gaske, amma hayaƙin motoci da masana'antu da noma bai ragu a-zo-a-gani ba. Dajin da ke farfaɗowa yana zuƙa da sauri, sannan ya sassauta idan ya manyanta, kuma gobarar daji ɗaya tana iya cinye ribar shekaru.

A ganina, wannan ne ma'aunin da ya kamata a riƙe wa hukumomin Man. Har yanzu mafi yawan lantarkin tsibirin daga iskar gas yake fitowa, a tashar Pulrose da ke Douglas, kuma gidaje da dama da mai ko gas suke ɗumama ɗakuna. Toshe magudanan dausayi domin laka ta sake jiƙa aiki ne mai kyau kuma mai araha, sai dai amfaninsa na farko shi ne tsayar da asara. Zuƙewar kanta a hankali take zuwa, milimita bayan milimita, alhali dokar ta ba da wa'adin 2050, tare da alƙawarin rage kashi 35 cikin 100 nan da 2030.

Saura batun da taswira ba ta warwarewa: na wa ne kabon? Tuddan nan makiyayar tumaki ce, kuma idan aka ce a jiƙa su ko a rage dabbobi, akwai wanda zai yi asara. Idan kuma aka soma sayar da takardun shaidar kabon ga kamfanonin waje, tan ɗaya na iya shiga littafi biyu, na mai saye da na tsibirin. Don haka abin da 'yan majalisar Tynwald ya kamata su nema shi ne a buga ɗanyen awon, wuri da wuri, tare da girman kuskuren da ke cikinsa, kuma a riƙa bayyana hayaƙin mai da gas a shafi dabam da na ƙasa.