Ba Kukan Yara Ne Ya Hana Mu Rubutu Ba

Mu masu aikin manhaja daga gida mun ƙware a ƙorafi. Da an tambaye mu ina labarin da muka fara tun azumin bara, sai lissafi ya tashi: an ɗauke wuta, mai ruwa ya buga ƙofa, Hajiya ta ce a kai ta asibiti tunda "ai yana gida", yara sun dawo daga Islamiyya, ga mai ba mu aiki a Amurka da ba ya kiran taro sai bayan magariba. Duk gaskiya ne. Amma ƙarshen da muke kai maganar, wai sai an ba mu ɗaki shiru da yini sukutum kafin alƙalami ya motsa, wannan yaudarar kai ce.

A duba tarihin adabinmu. Abubakar Imam yana koyarwa a makarantar Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja don gasar 1933. Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka yi mata aure tana yarinya, ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne a 1990, har aka fassara shi zuwa Turanci a 2012. Yau ma mata nawa ne ke buga babi guda da babban yatsa a waya, goyo a baya, tukunya a kan wuta, su tura wa masu jira a WhatsApp? Su wa ya ba su ɗaki?

Kuma shirun nan da muke nema, wa zai biya kuɗinsa? Idan maigida ya kulle ƙofa ya ce kada a dame shi yana rubutu, aikin gidan bai ɓace ba, kan wata ya koma. Matar nan da ke lallaɓa yara don kada su yi hayaniya, wataƙila nata labarin ya fi namu, amma ba wanda ya taɓa ce mata ta zauna awa guda, zai riƙe mata yaron.

Abin kunyar shi ne sana'armu ta riga ta koya mana mafita. Babu wanda ke gina manhaja a zama ɗaya. Gutsure aikin muke yi, mu rubuta layi ashirin, mu gwada, mu adana, gobe mu ɗora. Me ya sa da an zo kan labari sai mu ce sai ilhama ta sauko? Kalma 200 kullum bayan sallar asuba, cikin shekara sun kai 73,000. Littafi ne wannan, har da ragi.

Ba mu ce 'yan uwa su ci gaba da mayar da mu 'yan aike ba. Zaman gida ba zaman banza ba ne, kuma ya kamata mu faɗa musu haka cikin ladabi, mu tsayar da lokacin aiki. Amma kafin mu zargi kowa, kowannenmu ya buɗe wayarsa ya duba awa nawa Facebook da TikTok suka ci a makon nan. In lambar ba ta ba mu kunya ba, to sai mu dawo kan maganar yara.