Amsa-kuwwar Haske da Ladan Haƙuri

Mai karatu ya san cewa idan mutum ya yi kira a gaban dutse, jinkirin amsa-kuwwa ne ke nuna masa nisan dutsen. Da wannan hikima ce masana sararin samaniya suke auna abin da babu na'urar hangen nesa da ke iya rarrabe shi.

A tsakiyar wasu manyan tarin taurari, wato galaksi, akwai baƙin rami mai nauyin miliyoyin rana, iskar gas tana kewaya shi kamar faifai. Kafin gas ɗin ya faɗa ciki yakan yi zafi, har wani lokaci haskensa ya rinjayi na dukkan taurarin galaksin. Hasken nan kuwa ba ya zama daram. A 1963, shekarar da Maarten Schmidt ya gano nisan 3C 273, Harlan Smith da Dorrit Hoffleit suka duba tsofaffin hotunan sama da ke ajiye a Harvard, suka ga ya daɗe yana ƙaruwa yana raguwa.

Kowane nau'in haske da inda yake fitowa. Hasken eksire, na kusa da ramin, yakan sauya cikin sa'o'i. Na ultrabayolet da wanda ido ke gani daga faifan suke, sauyinsu na kwanaki ne. Na infrared, daga ƙura mai nisa, sai bayan makonni ko watanni yake amsawa. Tunda an san gudun haske, jinkirin da ke tsakaninsu shi ne ma'aunin tazara.

A 2014 aka sa na'urorin Hubble da Swift da wasu na doron ƙasa suka riƙa duba galaksin NGC 5548 kusan kullum, har kimanin wata shida. Sai aka tarar jan haske yana biyo bayan ultrabayolet da 'yan kwanaki, abin da ya nuna faifan ya kai kusan ninki uku na girman da lissafi irin na Shakura da Sunyaev na 1973 ya yi hasashe. Ana tsakiyar aikin kuma, gajimaren gas da ke amsa hasken suka daina bin sa yadda aka saba har kusan wata biyu.

A ganina, darasin ya wuce batun taurari. Da dare ɗaya aka duba, ko da wace irin na'ura ce, ba za a ga ɗaya daga cikin abubuwan nan biyu ba. Da waɗanda suka adana hotunan Harvard sun zubar da su, da Smith da Hoffleit ba su sami abin dubawa ba. Mu kuwa a jami'o'inmu mun saba neman sakamakon bincike kafin shekarar kasafin kuɗi ta ƙare, awon ruwan sama ko na zafin gari kuma yakan yanke da zarar tallafi ya yanke. Ya kamata masu raba kuɗin bincike su ware wani kaso domin awo na dogon lokaci, su kuma biya wanda zai tsare kundinsa. Mai haƙuri, in ji Hausawa, shi kan dafa dutse.