Sharhi: Masu Wankin Mota a Agege Na Bukatar Jari da Horo

Duk wanda ya san unguwannin Hausawa na Legas, kamar Agege da Idi-Araba da Mile 12, ya san cewa wankin mota na daga cikin sana'o'in da ke karɓar yaron da ya sauka daga Arewa ba shi da ko sisi. Bokiti da tsumma da garin sabulu sun ishe shi fara neman abinci. Matsalar ita ce sana'ar da kowa zai iya shiga da bokiti ɗaya, ba ta da ribar kirki, domin masu yi sun yi yawa, farashi kuwa kullum a ƙasa yake. A ganinmu, lokaci ya yi da attajiranmu na Legas za su ɗaga wannan sana'a zuwa matakin goge fenti da inji, inda kuɗin yake.

Dalili na farko shi ne halin da kasuwar motoci ke ciki. Tun bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, aka koma ga tokumbo. Bayan janye tallafin man fetur da sakin darajar naira a tsakiyar 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati, ta haura naira 1,500 a cikin 2024, sai tokumbon ma ta zama sai wane da wane. Idan sayen wata ya gagara, dole mutum ya lallaɓa wadda yake da ita. Mai Toyota a Ikeja da mai Porsche ko Ferrari a Ikoyi da Lekki duk sun fahimci cewa lafiyar fenti wani ɓangare ne na darajar mota ranar sayarwa.

Dalili na biyu shi ne yawan hannayen da ke neman aiki. Dokar hana acaɓa da gwamnatin Jihar Legas ta tsaurara a ƙananan hukumomi shida a watan Yunin 2022, ta kuma faɗaɗa a watan Satumba na shekarar, ta rage wa dubban matasan Arewa wuraren samun na abinci.

Sai dai goge fenti ba aikin ƙarfi ba ne, aikin sani ne. Fentin da mota ke fitowa da shi daga masana'anta hawa-hawa ne: akwai na ƙasa mai kama ƙarfe, sai mai launi, sannan wani shafe garai-garai a sama mai ba da ƙyalli. Kaurinsu duka bai cika wuce maikiron 100 zuwa 150 ba, wato kusan kaurin takardar rubutu, na saman kuwa bai kai rabin haka ba. Zane-zanen da ake gani a jikin mota idan rana ta haska ta, yawancinsu tsumma mai yashi ne ya yi su a wajen wanki. Injin goge ba cike su yake yi ba, kankare saman fentin yake yi kaɗan har ya daidaita. Ke nan kowace goga tana cin wani abu da ba ya dawowa. Wanda bai ƙware ba, ya tsayar da inji wuri ɗaya ko ya danna a kan kusurwa, cikin ƙiftawar ido zai ƙone fentin, kuma sake fesa ƙofa ɗaya ta motar alfarma na iya cinye cinikin watanni.

Saboda haka jarin da ake bukata bai tsaya ga inji ba. Ana bukatar rumfa mai inuwa da haske, da ruwa mai tsabta, da janareta, da horo na watanni a kan tsofaffin ƙofofi da bonet irin waɗanda ake samu a kasuwar Ladipo da ke Mushin. Sama da duka, ana bukatar ƙaramar na'urar auna kaurin fenti.

Wannan na'ura tana da wani amfani da ya fi goge muhimmanci. A 1970, masanin tattalin arziki ɗan Amurka George Akerlof, wanda ya sami kyautar Nobel a 2001, ya nuna yadda kasuwar tsofaffin motoci ke lalacewa idan mai sayarwa ya san aibin da mai saye bai sani ba: mai saye zai riƙa taya kowace mota da rahusa, masu kaya na gari su janye, a bar kasuwa da gwanjo. Da yawa daga cikin motocin da ke sauka a Apapa da Tin Can daga wuraren gwanjon Amurka sun taɓa yin haɗari. Goge na iya zama kwalliyar rufe aibi. Amma wurin da aka cike aka sake fesawa yakan nuna kauri fiye da kima a kan na'ura. Mai goge da zai auna ya faɗa wa mai saye gaskiya, ya sami sana'a biyu a rumfa ɗaya.

Za a ce kayan aikin daga waje ake shigo da su, wutar lantarki ba ta da tabbas, kuma yaron da aka horar zai iya tafiya ya buɗe tasa. Duk gaskiya ne. To amma da haka fataucin goro, wanda ya kafa Hausawa a Agege, ya bunƙasa: maigida ya ba yaro kaya bisa amana, yaro ya girma ya sallami nasa yaran.

Muna kira ga fadar Sarkin Hausawan Agege da ƙungiyoyin 'yan kasuwarmu da su haɗa hannu su kafa rumfar koyo ko da guda ɗaya ce, su kuma shimfiɗa ƙa'ida cewa duk wanda aka kama yana goge mota don yaudarar mai saye, a cire shi daga ƙungiya. Masu motocin suna nan, kuma wani ne zai karɓi kuɗinsu idan namu ba su shirya ba.