Hanyar lafiya, a bi ta da shekara

Kowace shekara, idan damina ta ɗauke a ƙasar Nepal, wato daga ƙarshen watan Satumba zuwa watan Nuwamba, dubban baƙi sukan sauka a Katmandu, babban birnin ƙasar, da nufin su shiga duwatsun Himalaya da ƙafa. Yawancinsu mutane ne irin kowa, ma'aikata da malamai da ƴan kasuwa waɗanda suka sami hutu, suna tafiyar ƙasa daga ƙauye zuwa ƙauye, kwana 5, ko 10, ko 20. Wannan lokaci kuwa shi ne na manyan bukukuwan ƙasar. Saboda haka zaɓen hanyar da za a bi al'amari ne mai nauyi, domin a cikinsa akwai ran baƙo, akwai kuma ran talakan da zai ɗaukar masa kaya.

Nepal tana tsakanin Indiya da Sin. Cikin duwatsu 14 na duniya waɗanda tsawonsu ya wuce metir 8,000, guda 8 suna cikinta ko bisa iyakarta, har da Eberest, babbansu, mai metir 8,849. Domin mai karatu ya auna, dutsen Bagzam na ƙasar Abzin, wanda ya fi kowane tsawo a Nijar, metir 2,022 gare shi. A shekarar 1950 Faransawa biyu, Maurice Herzog da Louis Lachenal, suka kai ƙololuwar Annapurna. A 1953 kuma Edmund Hillary da Tenzing Norgay suka kai ta Eberest. Tun daga nan sunan ƙasar ya bazu, baƙi suka yi ta ƙaruwa, har a 2024 adadinsu ya wuce miliyan 1 da dubu 100. Sun fi son kaka, domin ruwan damina ya wanke ƙura, sama ta washe, sanyi kuma bai riga ya yi tsanani ba.

A daidai wannan lokaci ne mutanen ƙasar ke yin Dasain, babban bikinsu na shekara, wanda yake ɗaukar kwana 15. A rana ta 10 yara da matasa sukan je gaban iyaye da dattawa, a shafa masu shinkafa haɗe da nono da jan gari a goshi, a sa masu albarka. Domin wannan rana ma'aikatun gwamnati sukan rufe kwanaki, birni ya yi fayau, tashoshin mota su cika maƙil da masu komawa gida. Bayan kamar sati biyu sai Tihar, bikin fitilu na kwana 5, wanda a ranarsa ta ƙarshe mata ke yi wa ƴan'uwansu maza fatan tsawon rai. Can sama kuma, a yankin Khumbu, ƙasar Sharfawa mabiya addinin Buda, akwai bikin Mani Rimdu a gidan ibadar Tengboche, wanda yake ƙara jawo jama'a zuwa hanyar Eberest.

Abin da ake gani shi ne, baƙi da yawa suna zaɓen hanya bisa ga sunanta, sannan su tsuke ta cikin kwanakin hutun da suka samu. Mutum yana da kwana 8, amma ya nace sai ya je gindin Eberest, domin shi ne sunan da za a gane idan ya koma gida. Nan kuskuren yake. Akwai abubuwa uku da ya kamata a auna kafin a dubi suna: tsawon wurin, halin sama, da halin mutanen da za a yi tafiyar da su.

Na farko shi ne tsawo. Duk sa'ad da mutum ya ƙara hawa, iska tana ƙara raguwa. A metir 5,500, abin da huhu ke samu cikin numfashi ɗaya kusan rabin abin da yake samu a bakin teku ne. Jiki yana iya sabawa, amma sai an ba shi lokaci. Shawarar likitoci ita ce, idan an wuce metir 3,000, kada wurin kwanan yau ya fi na jiya tsawo da abin da ya wuce metir 500, kuma bayan kowane kwana uku ko huɗu a huta yini guda. Wanda ya ƙi bin wannan ƙa'ida, sai ciwon kai da amai da rashin barci su kama shi. Idan ya ci gaba da hawa, ruwa yana iya taruwa cikin huhunsa ko ƙwaƙwalwarsa ta kumbura, ya rasu cikin yini ɗaya ko biyu. Ciwon bai san saurayi ba, bai san mai ƙarfi ba, kuma babban maganinsa shi ne a sauko ƙasa nan da nan.

Da wannan ma'auni hanyoyin sun rabu. Hanyar Poon Hill, wadda ake kamawa daga garin Pokhara, iyakarta metir 3,210, kuma kwana 4 ko 5 sun ishe ta. Ta kwarin Langtang, arewa da Katmandu, tana kaiwa metir 3,870 a Kyanjin, cikin kamar sati guda. Ta gindin Eberest kuwa tana tashi daga Lukla, metir 2,860, zuwa metir 5,364. Zuwa da dawowa kamar kilometir 130 ne, cikin kwana 12, har da hutu a Namche da Dingboche. Ga shi kuma jirgin sama ne ke kai mutane Lukla, inda filin sauka bai wuce metir 527 ba, kuma idan hazo ya rufe sai a yi kwanaki babu jirgin da ya tashi. Hanyar kewaya Annapurna ita ma tana bi ta mashigin Thorong, mai metir 5,416. A dā sai an yi kusan sati uku ana bin ta. Yanzu mota tana kaiwa har Manang, wajen metir 3,500. Hanyar motar ta amfani mutanen ƙauyuka, amma ta jawo wani haɗari, domin tana ɗora baƙo a sama kafin jikinsa ya shirya. Mai kwana 8 yana da hanyar da ta dace da shi. Ba ita ce ta mai kwana 15 ba.

Na biyu shi ne halin sama. An saba cewa Oktoba watan lafiya ne a Himalaya, kuma yawancin shekaru haka yake. Amma a wannan lokaci ne guguwar teku ke tasowa daga mashigin ruwan Bengal, kuma idan ta shigo tudu takan zama dusar ƙanƙara bisa duwatsu. Ran 12 ga Oktoba 2014 guguwar da aka sa wa suna Hudhud ta faɗa gaɓar gabashin Indiya. Bayan kwana biyu, ran 14 ga wata, ƙanƙara ta rufe yankin Annapurna, alhali mutane da yawa sun riga sun yi sammako sun kama hanyar mashigin Thorong. Aƙalla mutum 43 suka rasu, cikinsu akwai baƙi, akwai jagorori da ƴan dako da makiyaya ƴan ƙasa. Wasu ɗaruruwa kuma sai da aka ceto su. Ba wannan ne karo na farko ba: a watan Nuwamba 1995 zubowar ƙanƙara ta binne wani masauki a hanyar Gokyo, ta kashe Japanawa 13 da ƴan Nepal fiye da 10. Damina ita ma ba kullum take ɗaukewa da wuri ba. A ƙarshen Satumba 2024, kwanaki kaɗan kafin Dasain, ambaliya da zaftarewar ƙasa sun kashe mutum fiye da 200, sun yanke hanyoyin shiga Katmandu. A farkon Oktoba 2025 kuma, cikin kwanakin bikin, ruwa mai yawa ya sake yin ɓarna a gabashin ƙasar.

Darasin a fili yake. Hanyar kwari, irin ta Langtang, idan sama ta ɓaci ana iya juyawa a sauko ta inda aka hau. Hanyar mashigi kuwa ƙofa ɗaya gare ta, kuma wanda ya yi kwana 10 yana tafiya domin ya ƙetare ta, ga tikitin jirginsa yana jiransa a wancan gefe, da wuya ya yarda ya koma da baya. Saboda haka duk mai niyyar bin mashigi lalle ne ya ajiye kwana biyu ko uku na jira cikin lissafinsa. Wanda ba shi da su, ya bar mashigi ya bi kwari.

Na uku, wanda aka fi mantawa da shi, su ne mutanen da ke ɗaukar tafiyar bisa bayansu. Baƙi da yawa suna zaton duk ɗan dako Basharfe ne wanda aka haifa a sama. Gaskiyar magana, da yawansu manoma ne daga ƙananan tuddai, kuma ciwon tsawo yana kama su kamar yadda yake kama baƙo, ga kaya kilo 30 ko fiye a baya, ga takalmi da sutura waɗanda ba su kai na mai kayan ba. A 1997 wani matashi ɗan dako ya kamu da wannan ciwo a hanyar Annapurna, aka biya shi haƙƙinsa aka sallame shi ya sauka shi kaɗai, ya rasu a hanya. Mutuwarsa ce ta sa aka kafa ƙungiyar ƙasa da ƙasa ta kare ƴan dako a wannan shekara. Lokacin Dasain lamarin yana ƙara tsanani, domin gwanaye da yawa sukan tafi gida, masu shirya tafiya kuma su cike gurbi da duk wanda suka samu, har da wanda bai taɓa hawa metir 4,000 ba. Wanda ya tsaya aiki kuwa ya bar iyayensa da ƴaƴansa ne a ranar da kowa ke gida.

Wani zai ce, ai kaka ita ce kasuwar waɗannan mutane, kuma abin da ɗan dako da mai masauki suka samu cikin wata biyu shi ke riƙe gidajensu watanni da yawa. Wannan gaskiya ne, kuma babu mai hankalin da zai nemi a hana tafiya lokacin biki. Abin da ake nema shi ne adalci. Baƙo ya tambayi mai shirya masa tafiya ko ɗan dakonsa yana da sutura da takalmi da wurin kwana, ko yana da inshora, ko za a raka shi likita idan ya faɗi. Ya yarda ya ƙara lada idan aikin ya faɗo ranar biki, ko ya jinkirta tashinsa sai bayan rana ta 10. Kuma wanda ya zo da sha'awar ganin biki, ya sani Dasain da Tihar sun fi armashi a ƙauyukan ƙasa-ƙasa, irin su Ghandruk, inda ake kunna fitilu a ƙofofi, samari da ƴan mata suna bin gida-gida da waƙa. A metir 5,000 babu abin da zai tarar sai dutse da iska.

Hukuma ita ma tana da nata kason. Tun 1973 ƙungiyar ceto ta Himalaya take aiki, tana da wuraren duba marasa lafiya a Pheriche da Manang, kuma wannan abin yabo ne. Daga ran 1 ga Afrilu 2023 hukumar yawon buɗe ido ta ƙasar ta wajabta wa baƙo ya ɗauki jagora mai takardar izini, ko da yake hukumar yankin Khumbu ta ƙi yin aiki da dokar a ƙasarta. Manufar dokar tana da kyau, domin baƙo ko da ido makaho ne. Amma takarda ita kaɗai ba ta ceton rai. Jagoran da yake tsoron a yanke masa lada idan ya ce a juya, ba zai ce a juya ba. Abin da ya kamata shi ne labarin sama ya riƙa isa kowane masauki kafin asuba, cikin harshen da mai masauki ke ji. A samar da mafaka a mashigai. A rubuta sunan duk wanda ya wuce, baƙo da ɗan dako baki ɗaya. A kuma ba wakilan hukuma ikon rufe mashigi idan an ga hadari ya taso, ko da masu kuɗi za su yi fushi. A 2014 an san da guguwar kwanaki kafin ta iso. Abin da ya gaza shi ne isar da labarin ga waɗanda ke bisa hanya.

Saboda haka, wanda ya yi niyyar shiga duwatsu cikin kaka ya fara da ƙidaya kwanakinsa, ya cire na hutu da na jira, abin da ya rage shi zai nuna masa hanyarsa. Ya saurari ƴan ƙasa, ya girmama bikinsu, ya ɗauki ran mai ɗaukar masa kaya daidai da nasa. Dutsen da ba a kai gare shi bana ba yana nan baɗi. Hanyar lafiya, a bi ta da shekara. Allah ya kiyaye matafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya.