Hunturu Ya Shigo, Mu Fito Da Kekunanmu



Kwanan baya wani ƙanena ya nuna mini bidiyo a wayarsa: wasu Turawa ne a Kanada suna tuƙa keke a cikin dusar ƙanƙara, sun naɗe kai da fuska, taya tana nutsewa suna fizgo ta. Kekunan nasu masu faɗin taya ne, an ƙera su musamman don hanyar tsakuwa da burji. Ya yi dariya ya ce, "Yaya, waɗannan ba su da aikin yi." Ni kuwa sai na tuna keken mahaifinmu da ke jingine a ɗakin ajiya, gizo-gizo ya yi masa saƙa. Mutanen can suna biyan kuɗi mai yawa don su sami irin hanyar da mu muke da ita a ƙofar gida, kuma suna fita cikin sanyin da namu bai kama ƙafarsa ba.

Ra'ayina shi ne: babu lokacin da ya fi hunturu dacewa da keke a ƙasarmu, kuma ya kamata ƙungiyarmu ta dawo da shi.

Duk wanda ya san Kudancin Kaduna ya san damina a nan ba wasa ba ce. Ruwa yakan daɗe, rafuka su cika, hanyoyin ƙauye su zama taɓo. Amma daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙasa ta bushe ta yi tauri, rafin da ya hana ka wucewa a watan Agusta yanzu sai ka tura kekenka ka haye. Rana ba ta ƙuna kamar ta bazara. Hanyar da ta bi ta Madakiya zuwa inda ruwan Matsirga ke zubowa, da hanyoyin gindin duwatsun Kagoro, da waɗanda suka ratsa gonakin citta ta wajen Kwoi, duk a buɗe suke. Matasanmu nawa ne aka haifa a Kafanchan amma ba su taɓa ganin Matsirga da idonsu ba?

Sai maganar aljihu. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kowa ya san yadda kuɗin acaɓa da Keke Napep ya tashi. Ɗalibi da lebura da ƙaramin ɗan kasuwa suna kashe wa abin hawa kuɗin da ya kamata ya shiga tukunya. Keke ba ya shan mai. Abin da yake nema shi ne iska, da faci lokaci-lokaci, da ɗan mai a sarƙa.

Na san abin da wasu za su ce: keke na talaka ne, a gan ka a kai sai a ce ka karye. Wannan tunani sabo ne. Garin nan ya bunƙasa ne da zuwan jirgin ƙasa, lokacin da ya zama mahaɗar layin Fatakwal da na Kaduna da na Jos a 1927. A zamanin iyayenmu ma'aikacin reluwe ko malamin makaranta da ya sayi Rali sabo, unguwa ce take fitowa kallo. A kan keke aka kai citta da doya kasuwa, a kansa aka kai marasa lafiya asibiti. Abin da ya rufa wa iyaye asiri bai kamata ya zama abin kunya ga 'ya'ya ba.

Wasu kuma za su ce ƙura da sanyi. Gaskiya ne, amma kowanne da dabararsa. Kada a fita da asuba lokacin da hazo ya rufe hanya, direba ba ya hango ka. A bari rana ta ɗan ɗaga. A sa riga mai haske. A ɗaure hanci da baki da ƙyalle, a shafa man kaɗanya a leɓe da hannu saboda kaushi, a riƙe gorar ruwa domin iskar hunturu tana busar da mutum bai sani ba. Kada a cika wa taya iska ta yi tauri kamar dutse. Idan ka ɗan rage, ta fi kama ƙasa a yashi da gargada, kuma haka masu hawa a dusar ƙanƙara suke yi. Kada a lafta wa sarƙa baƙin mai, domin ƙura tana manne masa ta cinye haƙoran. A goge ta, a ɗiga kaɗan. A gangaren tsakuwa kada ka danne birkin gaba shi kaɗai, zai watsar da kai. Mai asma ko ciwon ƙirji kuwa, ranar da hazo ya yi kauri ya zauna a gida.

Babbar magana ita ce tsaro, kuma ba zan raina ta ba. Yankinmu ya ga tashin hankali, ya ga satar mutane, akwai hanyoyin da mai hankali ba zai bi shi kaɗai ba. Saboda haka ba na cewa kowa ya ɗauki keke ya faɗa daji. A fita a ƙungiya, da rana, a kan hanyar da aka sani. A sanar da mai unguwa da dagacin ƙauyen da za a ratsa da 'yan sintiri. Idan suka ce yau a dakata, a dakata.

Amma mu duba wani abu. Shekarun rikici sun sa kowa ya koma unguwarsa, har yaro ya girma bai taɓa shan ruwa a gidan wanda ba addininsu ɗaya ba. Mota tana wuce ƙauye da gudu, ba ta bar masa komai sai ƙura. Mai keke kuwa dole ya yi sallama, ya tambayi hanya, ya tsaya ya sayi lemo ko rake. Idan ɗan Hausawa da ɗan Fantswam da ɗan Bajju da ɗan Kaninkon suka tura keke tare a hawa ɗaya, tayar ɗaya ta fashe sauran suka tsaya jiransa, an yi abin da taron sulhu goma a ɗakin taro bai yi ba. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take.

Don haka ina roƙon shugabannin ƙungiyarmu: a ware safiyar Asabar ɗaya a wata, daga yanzu har zafi ya shigo. A gayyaci matasan maƙwabtanmu. A tafi da mai gyaran keke ɗaya, a biya shi. A fara da gajeriyar tafiya, a dawo kafin azahar. Kada a taka gonar kowa, kada a ɗauki hoton kowa sai da izininsa. Wanda yake da keke a ajiye ba ya hawa, ya ara wa yaron da ba shi da shi.

Ni dai na kai na mahaifinmu wajen mai gyara, ya ce taya biyu da birki kawai yake buƙata. Ƙanen nawa mai dariya ya riga ya ce shi zai fara hawa.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya tsare mana hanyoyinmu. Amin.