Kafin a liƙe bakin rumbu



Makon jiya na kwana uku a ƙauyenmu da ke gundumar Buza. Tun da asuba luguden mata ke tashe ni, ga ɗari ya fara cizon yatsu, ga hazo ya rufe kan duwatsu. Kafin hantsi goggona ta aiko mini da hura ta sabon hatsi, an dama da nonon da Hillani suka kawo, citta da kanumfari da ɗan tonka sun ji. Wanda bai taɓa shan hurar sabon hatsi ba zai ce ai hura hura ce. Ba haka ba ne. Sabon hatsi na da ƙamshi da ɗan zaƙi nasa, wanda ke gushewa in ya yi watanni a ajiye, kuma babu sukarin da ke maido shi. Na shanye ƙwaryar nan tas, har ƴan yara suna yi mini dariya wai ɗan birni ya tuna gida.

Wannan lokaci, daga ƙarshen Oktoba zuwa shigar Disamba, shi ne lokacin da Adar ke cin abin da ta noma. Akwai wake, akwai kabewa, akwai gujiya ta ƙuli-ƙulin kwaɗon tamaka. Kan kowace rumfa an shanya kuɓewa yankakka, ana tara ƴaƴan yakuwa don daddawar batso. A fadamar Magiya dawa ta sunkuyar da kai tana jiran yanka. Can wajen Madawa, cikin kwarin Tarka, masu garka na dashen albasa, kuma tun yanzu mata sun fara lissafin gabun da za su yi da lawashinta. Ko kilishin Madawa ya fi daɗi a wanga lokaci, don iskar hunturu na busar da shi da wuri.

Gida ma yana canza kama. Damina ta wuce, an yaɓe inda ruwa ya ci, mata sun sake daɓe tsakar ɗaki, an goge jeren kwanoni. Da dare na kwana cikin tsohon soron ƙasa na kakana, da kasko na garwashi a gefe, bisa tabarmar kaba irin ta Madawa. Ƙanena da ya gina ɗakin siminti da rufin kwano, da kuɗin Abijan, shi ke zuwa neman ɗumi wurina, domin kwano da rana tanda ne, da dare kuma kamar randa. Ban ce masa komai ba, ni ma ɗakina na Tawa kwano ne.

Amma abin da ya fi kowane gini kyau a ƙauyen shi ne rumbu. In ka sauko daga kan dutse, tun daga nesa rumbuna ne ke fara yi maka maraba, manya, zagayayyu, wasu sun fi ɗakunan kwana girma. Ku dubi yadda aka tsara shi. An ɗora shi bisa duwatsu don kada sanyin ƙasa da gara da kusu su kai ga hatsi. Ana gina shi da laka da aka cuɗa da ciyawa, zobe bisa zobe, a bar kowane ya sha iska kafin a ɗora na gaba, babu ƙarfe babu katako, bango siriri amma ya ɗauki damma masu yawa. Bakinsa na sama, da hular jinka a kai. Hatsin da aka zuba da zangarniyarsa yana iya shekara biyu ko fiye bai lalace ba. Magina irin waɗannan ne suka fitar da sunan jihar Tawa a duniya: masallacin Yama, cikin gundumar Illela, wanda Falke Barmu ya gina da ƙasa, ya samu lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Masu ilimin gini na zuwa daga Turai su ɗauki hoton abin da mu muke wucewa ba mu ko kalla.

To, a rana ta uku ne abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru. Da safe kawuna ya hau tsani da kwaɓaɓɓiyar laka, ya liƙe bakin babban rumbu. An fitar da zakka, dami ɗaya cikin goma, an biya bashin da aka ci da damina, an ware ƴan dammai aka ba mata, shi ke nan. Ba za a sake buɗe rumbun ba sai ruwan shuka ya sauka. Bayan azahar ɗiyansa biyu suka hau mota, ɗaya Legas, ɗaya Abijan, shi ma yana shirin bin bayansu. Na tambayi goggo, abin da aka ba ku zai kai yaushe? Ta ce, "In mun yi hankali, wata biyu. Daga nan sai abin gamana, sai kaba, sai Allah."

Gamana, ga waɗanda suka tashi a birni, ita ce ƴar gonar da mace ke nomawa don kanta, bayan ta gama aikin gandu. Kaba kuwa ita ce tabarmar nan da na yaba a sama. Kowace tabarmar da kuka ga an ɗaure a bayan mota a tashar Madawa, akwai macen da ta zauna kwanaki tana saƙa ta, kuma sau da yawa kuɗinta tiyar hatsi za su saya, ba zane ba. Mu kuma mu zo mu yi ta ciniki har sai an rage mana dala ashirin, ko mu wuce mu sayi ta roba.

Ba na son a ce na zo zagin iyayenmu maza. Liƙe rumbu na da dalili, kuma dalili ne mai ƙarfi. Wanda ya ga shekarar El Buhari a 1984, ya ga ta 2005, ya san abin da ake nufi da damina ta same ka babu abin da za ka ci ka riƙe hauya. Manomin da rumbunsa ya ƙare tun bazara, shi ne zai bar gonarsa ta yi ciyawa ya je ƙwadago gonar wani. Tafiyar mazan ma rage baki ce, kuma da yawa suna aiko da abin da suka samu. Ba kuma kowane gida ke yin haka ba; na san magidantan da ke auna wa iyalinsu kowane mako har ruwa ya sauka. Sai dai aike ba shi da rana. Wani ya yi wata uku bai samu aiki ba, wani canjin naira ya cinye abin da ya tara, wani iyaka ta rufe yana can. Cikin waɗannan watanni yara ba su daina jin yunwa ba. Hurar da na sha da nono da kayan yaji, zuwa watan Fabrairu ta koma ruwa-ruwa da dusa, a gidan da rumbunsa ke cike a tsakar gida. Kuma ko a shari'ar da dukkanmu muke bi, ciyarwa na wuyan miji ne, rani da damina.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ƙasar da ke ba da wannan hatsi, su wa suka raya ta? Ku tambayi mutanen Keita. Bayan farin 1984, lokacin da faƙo ya cinye tuddai, ruwa na gangarowa daga duwatsu yana yage gonaki, aka buɗe babban aikin nan na Keita, da kuɗin Italiya, FAO na gudanarwa, PAM na biyan ma'aikata da cimaka. Maza sun tafi bida. Mata ne akasarin waɗanda suka ɗauki duwatsu a ka, suka jera kunyoyin tare ruwa, suka haƙa ramukan dashe a gangaren dutse, suka yi aikin madatsun ruwa, daga Tamaske zuwa Ibohaman da Garhanga. Cikin kimanin shekara ashirin an farfaɗo da hekta sama da dubu 30, an dasa itace wajen miliyan 18. Gonakin da yau ake ɗaure dammai a cikinsu, wasu a da ko akuya ba ta tsayawa. A Magiya kuma, tun 1975 ma'aikatan gandun daji da ƙungiyar CARE suka fara jera layukan dogon yaro, biyu-biyu, da tazarar mita 100, don karya iskar da ke binne shuka, har aka auna aka ga amfanin gona ya ƙaru da kamar kashi ɗaya cikin biyar. Daɗin kakar da muke ji yau, gumi ne ya saye shi, kuma rabo mai yawa na gumin nan na tsofaffin matan da ke zaune yanzu suna saƙar kaba. A ce irin waɗannan ba a ko shawartar su ranar da za a liƙe rumbu, wallahi akwai gyara.

Akwai kuma wata ɓarakar, wadda ba ta cikin gida ba. Hatsi da yawa ba ya ma kai wa rumbu. Da kaka ne ake biyan bashi, da kaka ake aure, da kaka ake neman kuɗin motar tafiya bida, ga kayan lakwal na yara. Kowa ya kai kasuwa lokaci guda, farashi ya faɗi. Ɗan kasuwar da ya ba kawuna bashi a watan Agusta ya zo ya auna hatsinsa da farashin Nuwamba, ya kai sito, kuma shi ne zai sayar masa da shi in damina ta tsaya. Babu wanda bai san bambancin kuɗin tiya tsakanin watannin nan biyu ba. A Oktoban 2024 gwamnati ta hana fitar da hatsi zuwa waje, in ba Mali da Burkina Faso ba. Dokar na iya tsare hatsi cikin ƙasa, kuma mai saye a birni ya ji sauƙi. Amma daga gonar talaka zuwa siton mai kuɗi babu iyakar da ake tsallakawa, babu ɗan duwan da zai tare.

Dabarun rage wannan asara ba baƙi ba ne a Nijar. Akwai warantaji, wanda aka fara yaɗawa tun wajen 1999: manoma su haɗu cikin ƙungiya, su zuba buhunansu a sito mai kwaɗo biyu, makulli ɗaya hannunsu, ɗaya hannun asusun bashi, a ba su wani kaso na kuɗin kayan su yi sana'ar rani, in farashi ya tashi su biya su karɓi abinsu. Yana da nasa matsaloli. Akwai shekarar da farashi ba ya tashi, akwai masu ƙyamar kuɗin ruwan da ke ciki, kuma wannan magana ce da ya kamata malamai da masu asusun su zauna su warware. Akwai buhun PICS mai ciki uku, wanda masu bincike na INRAN a Maraɗi suka yi aikinsa tare da jami'ar Purdue ta Amurka, yana tsare wake daga ƙwari ba tare da an zuba magani ba. Akwai bankunan cimaka, waɗanda kusan kowane babban ƙauye ya taɓa samu, da yawa yanzu sai ginin da allon furojen da ya kawo su. Abin da na lura da shi a ƙauyukan da na sani, inda mata ke riƙe da makulli da littafi, bankin ya fi daɗewa.

Don haka ga abin da nake roƙo, tun hatsi na hannu. Magidanci, kafin ka hau tsani da laka, ka zauna da matan gidanka ku ƙirga bakuna, ku ƙirga watanni har zuwa shuka, a ware abin da zai kai. In ya kama a gina ƙaramin rumbu na biyu wanda makullinsa, ko in ce bakinsa, ke hannun uwargida, maginan na nan, kuma da ma aiki suke nema, don matasa sun daina koyon sana'ar. Limamai su taɓo zancen a huɗubar Juma'a cikin watan nan, ba sai yunwa ta shigo ba. Hukumomin kwaminoninmu kuma, daga Bangi da Urno zuwa Tabotaki da Allakai, su fito su faɗa wa jama'a bankunan cimaka nawa ke aiki, nawa suka mutu, kuma ina jarinsu ya shiga. Haka kunyoyin duwatsu da madatsun Keita: wasu sun fashe, wasu yashi ya cike su, ga layukan dogon yaro na Magiya ana sara ba a mayarwa. Yanzu ne lokacin gyara, da rani, kuma in akwai aikin da ake biya a gida, wani saurayin zai fasa hawa motar Legas. Mu da ke birni muna da namu kason. Wanda ke da hali ya sayi buhu yanzu da yake da araha ya ajiye wa mahaifiyarsa da sunanta, ya fi a jira watan bakwai a yi ta kiran waya.

Ranar da zan taho na faɗa wa kawu wannan magana, a hankali, don kawu ne. Ya yi shiru yana wanke laka daga hannunsa, sannan ya ce ubansa haka ya yi, kuma ba su mutu ba. Goggo na bakin murhu tana jin mu ba ta tanka ba. Da na zo hawa babur ta miƙo mini ƙullin gabu da dunƙulen hura uku a ƙwarya, da sabuwar tabarma a naɗe. Na zaro kuɗi, ta ce na hura da gabu kyauta ne, amma tabarma sai na biya, kuma ba ragi. Na biya. Na kuma bar kuɗin buhu guda wurin wani amintacce, za a auno ranar kasuwar Karofane a kai ɗakinta.